Karen Ɗebe Kewa a Sakkwato: Bitar Wata Hidimar Sa-kai

Akwai wata hidima da wasu masu aikin sa-kai suke gudanarwa a cikin garin Sakkwato wadda, in aka ba da labarinta a majalisa, yawancin mutane sukan ɗauka zolaya ce: suna kawo horarren kare wurin yara masu lalura ta musamman domin yaran su zauna kusa da shi, su shafa shi, su yi masa magana har hankalinsu ya kwanta. Na yi aiki tare da su a matsayin mataimaki tun daga ƙarshen damina har zuwa shigowar bazara, kuma ɗan ƙanwata yana cikin yaran da ake kaiwa, saboda haka na ga hidimar daga ɓangaren masu yi da kuma ɓangaren masu karɓa. Ra'ayina shi ne tana da amfani na haƙiƙa, amma amfanin bai kai yadda wasu daga cikin masu yin ta suke kururutawa ba, kuma kusan dukkansa ya rataya ne a kan tsantseni da bin ƙa'ida na mutanen da ke riƙe da igiyar karen.

Tawagar ƙarama ce. Wani likitan dabbobi ne yake jagoranta, shi ne kuma mai karen, sai wata malama da ta daɗe tana koyar da yara masu buƙata ta musamman, sai ɗalibai da matasa kaɗan da suke zuwa gwargwadon sararinsu. Ba su da ofis ko allon sanarwa, a zauren WhatsApp ake shirya komai, kuma ana haɗuwa da safiyar Asabar a wani fili mai katanga da itatuwan dogon yaro a wajen Arkilla. Ba a biyan kuɗin shiga. Iyayen da suka ga dama sukan taimaka da kuɗin mota ko na abincin karen, wanda ba shi da hali kuma ba a taɓa nuna masa bambanci a gabana ba.

Karen da ake magana a kai ba karen gadi ba ne, ba na farauta ba ne, kuma ba irin wanda ke yi wa makaho jagora ba ne, domin shi karen jagora mutum ɗaya yake yi wa aiki, ba a ma son baƙo ya taɓa shi yana bakin aikinsa. Wannan kuwa aikinsa kenan ya bari baƙi su taɓa shi. Dabarar ta samo tushe a Turai da Amurka. Wani masanin halayyar yara a birnin New York, Boris Levinson, ya lura cewa wani yaro da ya ƙi buɗe baki a gabansa ya saki jiki da karensa, kuma a 1962 ya wallafa maƙala a kan yadda kare zai iya zama abokin aikin mai jinya. A 1976 wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International a jihar New Jersey, a Ingila kuma aka kafa Pets As Therapy a 1983. Abin da waɗannan ƙungiyoyi suka gina a cikin shekarun nan shi ne ƙa'ida: yadda ake gwada halin kare, yadda ake tsaftace shi, da tsawon lokacin da zai yi yana aiki. Daga nan likitan namu ya ɗauko tsarinsa, kuma ya kyauta da bai ƙirƙiro nasa daga sama ba.

Kafin a yi maganar amfani, duk Basakkwacen da ya ji labarin abin da zai fara tambaya shi ne matsayin addini, kuma a nan ne tawagar ta fi burge ni. Ba su ɗauki masu ƙyamar kare a matsayin jahilai da za a wayar wa kai ba, kuma ba su ɓoye abin da bai goyi bayansu ba. A zaman farko da iyaye, likitan ya kawo duka ɓangarorin. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar nan, duk wani mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da hawayensa da yawunsa, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta bin umarni ne na ibada, ba hukunci ne da najasar karen ba, saɓanin Shafi'iyya da Hanbaliyya da suke ganin najasa ne. Sannan da bakinsa ya ƙara da cewa Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana ajiye kare a cikin gidajen gari, ta keɓe halaccin ga noma da kiwo da farautar neman abinci, ga kuma hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, da wanda ke maganar raguwar lada ga mai ajiye shi ba bisa buƙata ba. Bai ce shi mai ba da fatawa ne ba. Ya ce kowa ya koma ga malaminsa ya tambaya ko jinyar yaro tana shiga cikin buƙatun da ake yi wa rangwame, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kada ya kawo ɗansa don kunyar wani.

Wani dattijo, kakan wata yarinya kurma, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce: "Likita, na ji bayaninka, amma karen ga ba shi shiga gidana, ko zaure ba shi takawa." Likitan ya amsa masa: "Baba, ranka ya daɗe, ba ya shiga gidan kowa. A filin nan kawai yake aiki, kuma duk yaron da ya taɓa shi sai mun wanke masa hannu da sabulu kafin ya fita." Wannan ita ce dokarsu ta farko, kuma ban ga an karya ta ba. Ba a kai karen ɗaki, ba a bari ya kusanci tabarmar salla ko butoci, an horar da shi kada ya lashi fuska ko hannu, kuma akwai wani zane mai kauri da ake shimfiɗa wa yaro a cinya domin kada gashi ya manne masa a tufafi. Dattijon nan ya ci gaba da kawo jikarsa, yana zama daga nesa a kan benci da carbinsa, bai taɓa matsowa ba, kuma ba wanda ya matsa masa. A ganina da tawagar ta zo da girman kai a wannan gaɓa, da hidimar ba ta kai wata guda ba.

Karen kansa matsakaici ne, mai ruwan ƙasa, gajeren gashi, irin karnukan ƙasar nan ne da aka raina tun yana ɗan kwikwiyo a hannun mutane. Na tambayi likitan dalilin da bai nemo irin na waje mai tsada ba, sai ya ce hali ake nema ba asali ba, kuma mai dogon gashi wahala kawai zai sha a zafin garin nan. Ya nuna mana irin gwajin da ya yi masa kafin ya amince ya kusanci yaro: a yar da faranti na ƙarfe a bayansa, a turo keken guragu ta gabansa, a wuce da sandar dogarawa, mutum ya yi ihu ba zato, wani ya rungume shi da ƙarfi ko ya ja masa kunne kaɗan. Karen da ya yi gurnani, ko ya yi tsalle kan mutum, ko ya firgita ya kasa dawowa hayyacinsa, bai dace da aikin ba ko da yana jin umarni. Wannan kuwa da farantin ya faɗi sai ya waiwaya, ya dubi mai shi, ya sake kwantar da kai.

Zaman yakan fara da sassafe. Ana shimfiɗa tabarmi a inuwa, a ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, aikina kenan tare da rubuta sunayen waɗanda suka zo. Ba a sakin yara su yi wa karen rubdugu, ɗaya bayan ɗaya ake shigar da su, ko biyu in sun saba, kowane yaro da babba nasa a gefe. Malamar ce take tsara abin da kowa zai yi gwargwadon lalurarsa. Yaron da hannunsa ya ƙage ana ba shi buroshi ya taje bayan karen, domin a samu ya miƙe yatsun da yake ƙin miƙewa a wurin gashin ƙashi. Wanda ke koyon tafiya ana ba shi igiya ta biyu ya riƙe, likitan yana riƙe da ta ainihi, su taka tare zuwa gindin itace su dawo. Masu tsoron karatu a gaban mutane kuma ana ba su littafi su karanta wa karen, dabarar da wata ƙungiya a Salt Lake City ta Amurka ta mayar da ita shiri na musamman tun 1999, bisa hujja mai sauƙi cewa kare ba ya gyara wa yaro kuskure kuma ba ya yi masa dariya.

Ɗan ƙanwata yana da lalurar da likitoci ke kira otizim. Ba ya son haɗa ido da mutane, hayaniya tana tayar masa da hankali, kalmominsa kuma ƙalilan ne. A farkon zuwansa bai ko dubi karen ba, ya tsaya a jikin katanga yana kaɗa hannu, malamar ta hana mu jan sa. Abin da ta yi shi ne ta sa aka kwantar da karen ya ba shi baya, ta ajiye buroshin a ƙasa tsakaninsu, ta koma gefe tana hira da uwarsa kamar ba ta san da shi ba. A hankali, mako bayan mako, tazarar ta riƙa raguwa. Ranar da ya taɓa shi, da yatsa ɗaya ya dangwali wutsiyar ya janye da sauri, ya tsaya yana jiran abin da zai biyo baya, da ya ga babu abin da ya faru sai ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan haƙarƙarin karen, yana bin yadda yake hawa da sauka da numfashi. Ya daɗe a haka. Daga baya ya fara faɗin "zauna" da "zo" domin ya ga karen ya bi, kuma a iya fahimtata abin da ya ja shi kenan: ya furta kalma, wani abu mai rai ya amsa nan take, ba tare da an tsare shi da ido ana cewa ya maimaita ba. Inna, kakarsa, da aka ba ta labari cewa ta yi: "Yaron ga da munka yi ta fama da shi ya ce muna ko sannu, ashe kare za shi fara yi ma magana." Ta faɗa tana dariya, amma da ɗan ciwo a ciki.

To sai dai a nan ne nake da ƙorafi na farko. Yaron bai warke ba, kuma ba zai warke ta wannan hanya ba. A gida yana nan da yawancin halayensa, abin da ya ƙaru shi ne ɗan haƙurin zama wuri ɗaya, da kalmomi kaɗan, da kuma safiya guda a mako da yake ɗokinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da ke fama dare da rana, amma ba magani ba ne. Duk da haka na sha jin wani daga cikin matasan tawagar yana gaya wa sababbin iyaye cewa kimiyya ta tabbatar kare yana warkar da irin waɗannan lalurori. Abin da kimiyya ta nuna ya fi haka ƙanƙanta. Akwai binciken da masana a Japan suka wallafa a mujallar Science a 2015, wanda ya nuna cewa kallon juna tsakanin kare da mai shi yana ƙara sinadarin oksitosin a jikinsu duka biyu, sinadarin da ke da hannu a shaƙuwar uwa da jariri. Amma wannan tsakanin kare da mai shi ne da suka saba. Akwai kuma bincike da dama da suka nuna raguwar fargaba na ɗan lokaci bayan ziyarar kare a asibitoci da makarantu, sai dai da yawansu a kan mutane kaɗan aka yi su, kuma da wuya a raba tasirin karen da tasirin mutumin kirkin da ya zo da shi ya zauna ya ba yaro lokacinsa. Haɗarin kururutawa a garinmu a bayyane yake: iyayen da suka gaji da zirga-zirgar asibitin koyarwa ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware za su iya ɗaukar wannan a matsayin madadi mai sauƙi kuma kyauta, su ajiye maganin farfaɗiya ko su daina zuwa gashin ƙashi. Likitan da malamar ba sa faɗin irin wannan magana, hasali ma malamar takan tambayi iyaye ranar komawarsu asibiti, amma ya kamata su ja kunnen matasansu da babbar murya.

A fannin lafiya ba ni da abin zargi. Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kaso mai yawa na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Likitan yana zuwa da katin rigakafin karen a kowane zama, yana ajiye shi a kan tebur inda kowa zai iya ɗauka ya duba kwanan watan allura ta ƙarshe. Ana yi masa wanka kafin ranar aiki, a yanke masa farce, a duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska, ana ba shi maganin tsutsar ciki a kan lokaci, ba a ba shi ɗanyen nama, kuma ba a barinsa ya yi yawo cikin karnukan unguwa. Yaron da ke da buɗaɗɗen ciwo, ko makero, ko asma mai tashi da gashin dabba, ba a shigar da shi. Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne yadda zaman ya zama makarantar kare kai: ana koya wa yara da iyaye cewa ba a tunkarar baƙon kare, ba a taɓa mai cin abinci ko mai shayarwa, kuma in cizo ya auku a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 sannan a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen. Duk wanda ke da kare a garin nan ba shi da uzurin barin sa ba allura, tunda ga asibitin dabbobi na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnati.

Ƙorafina na biyu a madadin karen nake yin sa. Shi kaɗai ne, yaran kuma suna ƙaruwa. Ƙungiyar Pet Partners ta Amurka ta ƙayyade wa karnukanta awa biyu a rana a matsayin iyaka, a ƙasar da galibin yankunanta ba su san zafinmu ba. A lokacin hunturu abin ya tafi daidai, amma da watan Maris ya kama, zafi ya fara haura digiri 40, sai matsalar ta fito. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, tafin ƙafarsa kuma yana ƙonewa a kan ƙasa mai zafi. Na ga ranar da aka makara ba a fara ba sai da hantsi ya ɗaga, saboda masu Keke Napep da dama sun ƙi ɗaukar kare, kuma kafin a kai rabin layi ya fara nuna alamun da likitan da kansa ya koya mana: yawan hamma, lasar leɓe, kau da kai idan yaro ya miƙo hannu. Likitan ya tsayar da zaman, wanda shi ne daidai, amma iyayen da suka taso daga Mabera da Runjin Sambo da yara a goye sun koma ba a gan su ba, ba kuma wanda ya sanar da su tun da wuri cewa hakan na iya faruwa. Karen da aka ƙure haƙurinsa shi ne yake cizo, kuma cizo ɗaya a filin nan ya isa ya rufe hidimar har abada. Maganin abin a fili yake: a ƙayyade adadin yara a kowane zama, a ba kowa lokacinsa tun daren Juma'a, a samu tsayayyen mai mota, a kuma dakatar da aikin gaba ɗaya a tsakiyar bazara.

Sauran kurakuran na tsari ne. Rajistar da nake rubutawa sunaye ce kawai, babu inda ake rubuta abin da yaro yake iya yi ranar da ya fara da abin da yake iya yi bayan wata uku, don haka duk maganar ci gaba ta dogara ne ga tunanin iyaye da na malama. Babu takardar amincewa da iyaye ke sa wa hannu, kuma na ga an ɗauki hoton yara da waya ba tare da an nemi izini ba, abin da bai kamata a yi wa kowane yaro ba balle mai lalura. Mata masu sa-kai sun yi ƙaranci ƙwarai, alhali iyaye mata ne suka fi kawo yara, kuma akwai tambayoyin da uwa ba za ta yi wa saurayi ba.

Ga mai sha'awar shiga aikin, ba sai yana da kare ba, ba ma sai ya taɓa shi ba. Yawancin aikin na ɗebo ruwa ne, da wanke hannun yara, da riƙe ƙanin yaro domin uwar ta samu sarari, da zama kusa da uban da ya zo yana jin kunyar a gan shi a wurin. Abin da aka fi buƙata shi ne zuwa a kan lokaci da iya yin shiru, domin mafi yawan masu sa-kai sababbi ɗokin taimako yakan sa su kama hannun yaro su ɗora a kan karen, wanda hakan yana rushe aikin makonni. Wanda kuma yake tunanin kawo nasa karen, ya sani cewa karen gadin gida, komai biyayyarsa ga mai shi, an raine shi ne a kan zargin baƙo, kuma likitan ya mayar da waɗanda aka kawo masa irin haka ba tare da jin nauyi ba.

Na ba su shawarar su ƙara wata dabbar da ba ta da takaddama a wurinmu, kamar zomo ko ɗan rago mai sanyin hali, domin iyalan da malamansu suka hana su kusantar kare su ma su samu rabo, nauyin kuma ya ragu a kan dabba ɗaya. A garin da yara ke tashi suna kallon dawakin Sarkin Musulmi a hawan salla, doki ma abin dubawa ne, tunda jinya ta hanyar hawan doki sananniyar hanya ce a ƙasashe da yawa ga yara masu matsalar motsin jiki, ko da yake tana buƙatar ƙwararren mai gashin ƙashi a wurin da kuɗin da tawagar ba ta da shi a yanzu. Malamar ta karɓi maganar zomon, ta ce za su gwada bayan saukar ruwan sama. Iyayen da ke son kai ɗansu kafin lokacin su nemi ganin katin rigakafin da idonsu, su tambayi yara nawa aka tsara wa ranar da kuma ƙarfe nawa za a fara, kuma su ci gaba da zuwa asibiti kamar yadda suka saba.